Tarihin Masara a Ƙasar Zugu

Masara baƙuwa ce a ƙasar Zugu, da ke yankin Bukkuyum. A kudancin Meziko aka fara noma ta, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Saɓanin masana yana kan hanyar da ta bi zuwa ƙasar Hausa. Wasu sun ce Turawan Fotugal suka sauke ta a bakin teku a ƙarni na 16, fatake suka hauro da ita. Wasu kuma sun ce ta Masar da Borno ta biyo, kuma ga mutanen arewa wannan ra'ayin ya fi kama hankali, ganin yadda sunan masara ya yi kama da Masar.

Ta daɗe ba ta wuce bayan gida da gefen fadama ba. Gero da dawa ke cika rumbu. Ita masara ana karya goyonta ne a gasa ko a dafa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba.

Abin ya sauya a shekarun 1970, kuma nan ne ainihin tarihinta. A 1975 Bankin Duniya ya tallafa aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma a Funtuwa, Gusau da Gombe. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da farin iri mai suna TZB, malaman gona suka yaɗa shi tare da takin zamani mai rahusa. Takin shi ne ƙashin bayan lamarin, domin masara ba ta yafe wa gajiyayyar ƙasa yadda gero ke yi. A farkon shekarun 1980 shirin ya game tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Zugu ke cikinta har 1996. Hana shigo da masara daga waje a 1985 ya ƙara mata kasuwa, musamman wajen masu haɗa abincin kaji.

Daga nan tuwon masara ya zauna a gidaje, ana koko da gugguru da ita, dusa ta tafi ga dabbobi, totuwa ta shiga murhu. Amma a jigawa har yau gero ne gaba. Masara ta fi jin daɗin ƙasa mai nauyi ta kusa da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka.

Daga baya matsaloli suka zo: wata tsutsa mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Najeriya a 2016. Sai kuma tsadar taki da 'yan bindiga, waɗanda suka raba manoma da yawa da gonakinsu na daji.