Nazari Kan Biyan Kuɗin Wata Don Isar da Saƙo ga 'Yan Majalisa a Amurka

Gabatarwa

A Amurka, kai kuka ga hukuma haƙƙi ne da tsarin mulki ya tanada tun gyaran farko na 1791. Majalisar Wakilai tana da kujeru 435, ta Dattawa kuma 100, sannan bayan ƙidayar 2020 kowane ɗan Majalisar Wakilai yana ɗauke da nauyin mutum kusan 760,000. Wannan cunkoso ne ya buɗe kasuwa ga manhajoji da kamfanoni masu karɓar kuɗin wata domin su kai saƙon mutum ga wakilinsa. Nazarin nan zai auna abin da mai biya yake samu da abin da ofishin ɗan majalisa yake sauraro.

Hajar da ake sayarwa

Hidimar iri biyu ce. Akwai ta ɗaiɗaikun mutane, kamar Resistbot da ta fito a 2017: mutum ya rubuta saƙon tes a wayarsa, manhajar ta nemo wakilansa ta adireshin gidansa, ta miƙa masu. Tushen aikinta kyauta ne, kuɗi yana shigowa ne wajen ƙari, irin su aika wasiƙar takarda ta gidan waya. Akwai kuma ta ƙungiyoyi, inda kamfanoni irin su Quorum da FiscalNote suke sayar da kayan bin sawun ƙudurori da tara magoya baya su yi wa majalisa ruwan saƙonni.

Amma fa kowane ɗan majalisa yana da lambar waya da shafin karɓar saƙo, kuma babu mai biyan sisi. Manhajar 5 Calls ma kyauta take ba da lambobi da bayanin batu. Ashe hanya a buɗe take, abin da kuɗin yake saya shi ne sauƙi.

Inda saƙon yake sauka

Da wuya ɗan majalisa ya buɗe saƙon da hannunsa. Wani matashin ma'aikaci ne yake fara duba adireshi. In mai saƙon ba ɗan mazaɓar ba ne, an wuce wurin. In ɗan mazaɓa ne, sai a shigar da saƙon kwamfuta, a haɗa shi da masu kama da shi a ƙarƙashin batu ɗaya, a rubuta masu amsa guda. Wasiƙa dubu mai kalmomi iri ɗaya takan isa gaban maigidan a matsayin layi ɗaya cikin rahoto: mutum kaza suna goyon baya, mutum kaza ba sa so.

Wasiƙar takarda kuma tana da nata cikas. Tun 2001, lokacin da aka aika wa Sanata Tom Daschle da Sanata Patrick Leahy wasiƙu ɗauke da ƙwayar cutar antiraks, ake tace duk wasiƙar da za ta shiga majalisa kafin ta isa ofis. Wanda ya biya kuɗin takarda yana iya tarar da an kaɗa ƙuri'a saƙonsa yana hanya.

Abin da bincike ya nuna

Gidauniyar Congressional Management Foundation ta daɗe tana tambayar ma'aikatan majalisa abin da yake juya ra'ayin ɗan majalisar da bai yanke shawara ba. A rahotonta na 2011, fiye da kashi 90 cikin 100 sun ce zuwan ɗan mazaɓa ofis da ƙafarsa yana tasiri. Wasiƙar da mutum ya rubuta da kalmominsa tana biye, saƙon kwafi kuwa yana can baya. Hausawa sun riga sun ce zuwa da kai ya fi aike.

Wannan ba ya nufin tuntuɓa banza ce. Daniel Bergan da Richard Cole sun yi gwaji a majalisar jihar Michigan, suka wallafa a 2015, inda kiran waya daga 'yan mazaɓa ya ƙara yiwuwar ɗan majalisa ya goyi bayan ƙuduri da kimanin maki 12 cikin 100. Kira ne na bakin mutane, wanda ba ya bukatar rajista.

Inda kuɗi yake buɗe ƙofa wani wuri ne daban. Joshua Kalla da David Broockman sun nemi ganawa da ofisoshin majalisa 191, kuma sakamakon da suka fitar a 2016 ya nuna cewa manyan jami'ai sun fi ba da lokaci ninki uku zuwa huɗu idan an ce masu zuwan suna ba da gudummawar siyasa. Kuɗin wata na manhaja aljihun kamfani yake shiga, ba ya ba mutum wannan matsayi.

Matsalar yarda

Saƙon da ya biyo ta hannun dillali yana zuwa da zargi a bayansa, kuma da dalili. A 2009 an gano kamfanin Bonner & Associates ya aika wa ɗan majalisa Tom Perriello wasiƙun jabu da sunan ƙungiyoyin mazaɓarsa kan ƙudurin dokar sauyin yanayi. A 2021 ofishin Antoni Janar ta New York, Letitia James, ya bayyana cewa kusan miliyan 18 daga cikin ra'ayoyi sama da miliyan 22 da hukumar sadarwa ta ƙasar ta karɓa a 2017 na bogi ne. Wake ɗaya kan ɓata gari. Shi ya sa shafin WriteToThem na Birtaniya, wanda kyauta ne, yake toshe saƙonnin kwafi.

Kammalawa

Ƙungiyar da take bin ƙudurori da yawa a jihohi daban-daban tana iya cin ribar kuɗinta, domin lokaci da ma'aikata take ragewa. Haka mutumin da ya biya da niyyar tallafa wa manhaja ta ci gaba da aiki. Amma wanda ya biya don a fi jin muryarsa bai yi ciniki ba. Abubuwa uku ne suke ba saƙo nauyi: adireshi a cikin mazaɓa, bayanin yadda dokar ta shafi mai rubutun, da isowa kafin ranar ƙuri'a. Duka ukun kyauta ne.