Wasiyyar Dalton da Tarihin Gano Yadda Ido Ke Ganin Launi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, domin mutum yakan yi shakkar labarin da aka ba shi, amma da wuya ya tuhumi idonsa. Sai dai tarihin kimiyya ya nuna cewa mutum biyu za su iya duban fure ɗaya, kowa ya ga launi dabam, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Gano dalilin haka ya ɗauki masana shekaru 200, kuma idanun wani malami ɗan ƙasar Ingila ne suka buɗe maganar, su ne kuma suka rufe ta.

Sunan malamin John Dalton, wanda duniya ta fi sani da nazarinsa kan ƙwayar zarra. A shekarar 1792 ya lura da wani fure da kowa ke cewa ruwan hoda ne. Shi da rana shuɗi yake ganinsa kamar sararin sama, da dare kuwa, a hasken kyandir, sai ya ga ya koma ja. Ya tambayi abokansa, suka ce furen bai sauya ba. Ɗan'uwansa na jini ne kaɗai ya ga abin da ya gani. A 1794 ya gabatar da maƙala a gaban ƙungiyar masana ta birnin Manchester, inda ya bayyana wannan lalura da a yau ake kira makantar launi. Har yanzu da sunansa ake kiranta a Faransanci.

Dalton ya yi zaton ruwan da ya cika ƙwayar idonsa ne yake da shuɗin launi, yana tace haske kafin ya kai ciki. A 1802 wani likita a Landan, Thomas Young, ya zo da wata fahimta. Ya ce ba zai yiwu ido ya tanadi mai karɓar saƙo na musamman ga kowane launi ba, saboda launuka ba su ƙidayuwa. A ganinsa masu karɓar iri uku ne kacal a tantanin bayan ido, daga haɗuwar saƙonninsu ake samun sauran launuka. Daga baya ya ce matsalar Dalton ita ce rashin ɗaya daga cikinsu, mai karɓar ja.

Dalton bai sauka daga ra'ayinsa ba, amma ya bar wasiyya cewa idan ya mutu a cire idanunsa a duba. Ya rasu a ranar 27 ga Yuli, 1844, likitansa Joseph Ransome ya cika wasiyyar. Ya tsaga ido ɗaya ya tarar ruwan ba shi da shuɗi ko kaɗan. Ya yanke bayan na biyun, ya leƙa abubuwa ja da kore ta cikinsa, launinsu bai sauya ba. Zaton Dalton ya faɗi, aka adana ragowar idanun a Manchester.

A 1866 Bajamushe Max Schultze ya kwatanta idanun dabbobi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya ga ƙwayoyin da ke karɓar haske iri biyu ne: masu siffar sanda da masu siffar mazurari. Masu yawon dare irin su mujiya da jemage, na sandan ne suka rinjaya a idonsu, masu harkar rana irin su ƙadangare kuwa na mazurari. Daga nan ya fahimci cewa na sanda aikinsu gani a duhu-duhu, na mazurari kuma gani da rana da bambance launi. Shi ya sa a farin wata mutum ke gane siffar riga amma ya kasa faɗin launinta, kuma idan na sandan suka raunana sai dundumi ya kama shi.

Idon ɗan Adam na da ƙwayoyin mazurari kimanin miliyan 5 zuwa 6, na sanda kuwa sun haura miliyan 90. Na mazurari sun fi cunkushewa a wani ɗan gurbi a tsakiyar tantanin, da shi ake karatu da zura zare a allura. A 1964 masu bincike a Amurka, ciki har da George Wald, suka auna hasken da ƙwayar mazurari guda ɗaya ke sha, suka tabbatar iri uku ne kamar yadda Young ya faɗa: ɗaya ta fi jin gajeren zangon haske na wajen shuɗi, ɗaya matsakaici na wajen kore, ɗaya dogo da ya kai ga ja. Ƙwaƙwalwa ce ke auna ƙarfin saƙon kowacce ta fitar da launi. A 1986 Jeremy Nathans da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera sinadaran ukun. Na ja da na kore suna kan sashen gadon da ɗa namiji ke karɓa daga mahaifiyarsa kaɗai, dalilin da ya sa lalurar ta fi yawa a maza.

A 1995 masana a Ingila suka ɗebi ɗan ƙyas daga busassun idanun Dalton suka yi gwajin ƙwayoyin gado. Sakamakon ya nuna sinadarin ƙwayar mazurari mai jin kore ne babu. Ke nan Young ya dace da ya ce iri ɗaya ne ya ɓace, amma ya kuskure wanne ne. Dalton ya rasa gaskiyar dalilin lalurarsa, sai dai da bai miƙa idanunsa a gwada zatonsa ba, da babu abin da za a auna bayan shekaru 151 da rasuwarsa. Yaron da ke rikita ja da kore a aji a yau yana da hujjar da za ta kare shi daga zargin sakarci ko taurin kai, kuma wani ɓangare na hujjar daga waccan wasiyya ya fito.