Sunan Kaka a Takardun Shari'ar Nasara

Duk gidan da ya shekara ɗari yana riƙe da jama'a, tarihinsa na da ɓangare biyu: wanda maroƙa ke rerawa ranar hawan salla, da wanda ke kwance cikin takardun Nasara. Sau da yawa jikan da ya yi karatun lakwal yakan shiga neman labarin kakansa, sai ya tarar da sunan a jaridar Faransa ko a rajistan kotu, an liƙa masa “ɗan tawaye” ko “mai laifi”. Wani ya rufe takardar don kunya, wani ya ƙaryata ta don fushi. Duka biyun sun yi gaggawa, domin kafin a yanke wa mamaci hukunci ya kamata a san dokar da aka kama shi da ita, da kuma hannun da ya rubuta labarin.

Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa hawa uku: kotun gari, kotun lardi, da kotun sarkal wadda kwamanda ke shugabanta, ita ke duba manyan laifuka. Gefe guda kuma akwai dokar andijena, wadda ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum har kwana 15 da tarar tamma 100, ba alƙali, ba shaidu. Jinkirin biyan lanho, ƙin fita aikin dole, ko abin da kwamanda ya ɗauka raini ne, kowane ɗaya ya isa ya kai dattijo gidan kaso. Ba a kawar da wannan doka ba sai 1946, shekarar da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu ta soke aikin dole. Saboda haka, ganin sunan kaka cikin jerin ɗaurarru na wancan zamani bai isa hujjar cewa ya zalunci kowa ba.

Tarihin Damagaram ya isa misali. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Jaridun Faransa sun ba da labarin a matsayin kisan yaudara, alhali a fada ana ganin baƙo ne ɗauke da makamai, wanda ake tsoron zai haɗa kai da Rabe. Sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini ranar 30 ga Yuli 1899, aka kashe sarkin cikin wannan shekara, aka naɗa Amadu Ɗan Bassa.

Shi ma bai tsira ba. A farkon 1906, bayan boren Kobkitanda a ƙasar Dosso da na Satiru kusa da Sakkwato, zukatan Nasara a tsorace suke. Aka zargi sarki da ƙulla makircin hallaka Faransawan Zinder, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodebuwa, aka kuma haɗa da babban attajirin nan Malam Yaro cikin waɗanda aka kama. Bellama, bafaden gidan, aka ba riƙon ƙasa, sarauta ba ta dawo hannun ƴan gida ba sai 1923, da naɗin Barma Mustafa. A takardun bariki waɗannan mutane masu laifi ne. Amma binciken André Salifou, wanda ya haɗa takardu da maganar tsofaffi, ya sa ƴan baya suka dube su da wani ido, har Mahamane Bakabé ya mai da labarin fim a 1982.

Mai neman sawun kakansa yana da ƙofofi. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Yamai na riƙe da rahotannin sarkal-sarkal. Ta Dakar, inda babban gwamna ya zauna, na da takardun shari'a na dukan yankin, wasu kuma suna Aix-en-Provence. Tsofaffin jaridun Faransa da yawa ana karanta su ta intanet a rumbun Gallica. Sai dai aikin na son haƙuri. Marubutan Nasara suna rubuta suna yadda kunnensu ya ji, Amadu ɗaya na iya fitowa da rubutu iri uku, kuma masu suna ɗaya sun yi yawa. Dole a gwama sunan uba, da gari, da shekara, kada a ɗora wa gida laifin wani gida. A tuna kuma maganar wanda ake tuhuma ta bi ta bakin tafinta kafin ta hau takarda, tafinta kuwa yana da masoya da maƙiya. Jarida ita ma takan kawo kamu da zargi, ta manta da ranar da aka sallami mutum.

Gaskiya kuma ba ta yarda a wanke kowa ba. Cikin rajistan nan akwai satar shanu, da fashi a hanyar fatake, da sayar da ɗan Adam bayan dokar 12 ga Disamba 1905 ta hana, da hakimin da ya ci lanhon talakawansa. Waɗannan laifuka ne ko a kotun Nasara ko a gaban alƙalin Musulunci, kuma waɗanda aka cuta suna da jikoki a gari ɗaya, a sahun salla ɗaya. In takarda da maganar tsofaffi suka haɗu a kan irin wannan, mutuncin gida shi ne ya amsa, ya nema wa mamaci gafara, ya kyautata wa zuriyar wanda aka zalunta. Ba a gadon laifi, amma ana gadon nauyin faɗin gaskiya.

Dattawan da suka ji labari daga bakin waɗanda suka gani suna ƙarewa, takardu kuma gara da zafi na cin su. Gidan da ya haɗa biyun tun da sauran lokaci, ya rubuta abin da ya tabbata, daɗi da ɗaci, ya bar wa na baya tarihin da ba za a tona musu shi a bakin kasuwa ba.

Allah ya jiƙan magabata, ya yafe kurakuransu, ya ja zamanin sarki, ya ba ƙasa lafiya da damina mai albarka. Amin.