Zumunci da Kaɗaici: Wace Ƙungiya Ce Ke Riƙe Mutum?

A shekarar 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara sakamakon bincike 148 da ya shafi mutum fiye da 300,000, suka gano cewa masu ƙwaƙƙwarar hulɗa da jama'a sun fi sauran damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin 100. Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Daga nan wasu suka ɗauka cewa maganin kaɗaici shi ne yawan shiga ƙungiyoyi. A ganina wannan fahimta ta gaza. Ƙungiyar da ke kare lafiyar mutum ita ce wadda ke lura idan bai zo ba.

Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi nazari a kanta a littafinsa na 1969, hujja ce mai ƙarfi. A wancan lokaci, Bahaushen da ya sauka can da fataucin shanu ko goro baƙo ne a ƙasar Yarabawa, nesa da dangi. Amma yana da maigida da ke ba shi masauki, ya tsaya masa wajen bashi, ya shiga tsakani idan rigima ta tashi. Da ɗariƙar Tijjaniyya ta bazu a unguwar a shekarun 1950, sai aka riƙa haɗuwa kullum a sahun salla da zaman wazifa. Wanda aka saba gani gefen shimfiɗar wazifa, in ya yi fashin kwana biyu, za a lura ba ya nan. Cohen ya fi mai da hankali kan siyasa da kasuwanci, amma tsarin da ya bayyana shi ne kuma ya hana baƙo zama babu mai tambayarsa.

Sai dai ƙungiya tana da kuɗin shiga, ko da ba a rubuta ba. A gidan biki ana lissafin gudummawar da kowace mace ta kawo, domin a rama mata da ƙari ranar nata sha'anin. Matar da mijinta ya rasu, jarinta ya karye, ba za ta iya ɗinka anko ba, ba za ta iya zubin adashi ba. Ba wanda ya kore ta. Kunya ce ke zaunar da ita a ɗaki, tana jin guɗa daga maƙwabta. Irin wannan kaɗaicin ya fi ciwo, domin sunanta na nan cikin ƙungiyar, kuma duk mai bincike da ya ƙirga mambobi kawai zai sa ta cikin masu jama'a.

Saboda haka masu nazarin zamantakewa a jami'o'inmu su daina tsayawa kan tambayar ƙungiya nawa mutum yake ciki. Su tambaye shi wa ya zo duba shi lokacin da ya kwanta ciwo, kuma me ya hana shi zuwa taron da ya wuce. Shugabannin ƙungiyoyin unguwa da na sana'a kuma su sassauta wa wanda hannunsa ya gaza, su bi shi har gida.