Coca-Cola, madubi da goronmu: me takarda ta ce?

Saƙon nan ya sake zagayowa a WhatsApp, daga Maraɗi har Yamai: wai in ka kai tambarin Coca-Cola gaban madubi, za ka ga an rubuta ɓatanci ga Annabi (SAW) da Makka da harafin Larabci. A fadarmu an yi ta musu har shayi ya huce, wani mai butiki ma ya ce shi daga yau ya bar sayar da ita. Maganar addini da hanyar abincin mutum ba ta wasa ba ce, shi ya sa muka ce bari mu bi diddigi.

Rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe aikin Frank Robinson ne, mai riƙe da littafin lissafin wanda ya haɗa lemun, kuma shi ne ya raɗa sunan. Irin rubutun hannu ne da ake koya wa yara a makarantun Amurka na wancan zamani, ƴan kasuwa suna rubuta wasiƙu da shi. An yi wa tambarin rajista a 1893. Jita-jitar madubi kuwa ta yi ƙarfi a Masar a 2000, har Muftin ƙasar, Shehu Nasr Farid Wasil, ya duba ya ce babu wani ɓatanci a ciki. Wannan ta mutu, sai dai mai son tayar da ita.

Amma fa kar a ce labarin da kamfanin ke bayarwa shi ma tas yake.

Abin da ba a musu a kansa: John Pemberton mai haɗa magani ne a birnin Atlanta, jihar Jojiya. An sare shi da takobi a yaƙin basasar Amurka a 1865, ya kamu da shan morfin saboda ciwo. A 1885 yana sayar da giyar inabi mai ganyen koka, kwaikwayon wata ta Faransa mai suna Vin Mariani. Da aka hana giya a Atlanta a 1886, sai ya fito da wadda ba barasa a ciki. Kamfanin na cewa ranar 8 ga Mayu 1886 aka fara sayar da ita a farmasin Jacobs, kofi kan santi 5. Takardar da kowa zai iya dubawa ita ce talla a jaridar Atlanta Journal ta 29 ga Mayu na wannan shekara. Kuma a matsayin magani ake tallarta, mai kawar da ciwon kai da gajiya.

Daga nan ne ruwa ya gurɓace. Pemberton ya rasu a Agustan 1888, bayan ya yi ta sayar da haƙƙin lemun gutsure-gutsure ga mutane daban-daban. Asa Candler ya tattara su, kan kuɗin da ake cewa dalar Amurka 2,300 ne, ya kafa kamfanin a 1892. Wata mata daga cikin masu hannun jari, Margaret Dozier, ta fito daga baya ta ce sa hannunta da ke kan takardar ciniki na jabu ne. Mark Pendergrast, wanda ya rubuta tarihin kamfanin a 1993, ya kawo cewa a 1910 Candler ya sa an ƙone takardun farko. Mu dai a nan, wanda ya sayi fili da gaskiya ba ya ƙona takardar shaida.

Sai batun hodar iblis. Kamfanin yau cewa yake bai taɓa zuba ta a ciki ba. Ku lura da kalmar: "zuba". Ba sai an zuba ba, tunda ganyen koka da kansa yana ɗauke da ita, kuma sai wajen 1903 aka koma amfani da ganyen da aka riga aka cire masa ita. A lokacin ba haramun ba ce a dokarsu, a kanti ake sayar da ita. Wanda ya ce maka har yanzu tana ciki, shi ma ya ƙara gishiri.

Rabin sunan na biyu shi ya fi shafarmu. "Cola" goro ne, wannan dai da fatakenmu suka yi shekaru aru-aru suna ɗaukowa daga Gwanja, ta kasuwar Salaga, a kan jakuna, wanda ba a ɗaura aure ko suna sai da shi. Pemberton ya neme shi ne don sinadarin da ke hana barci. Da muka ji haka har mun fara alfahari, to amma akwai sauran labari. A 1909 gwamnatin Amurka ta kama ganga 40 da ƙananan ganguna 20 na ruwan lemun, aka yi shari'a a Catanuga a 1911, ta kai har kotun ƙoli a 1916. Tuhuma biyu ce: sinadarin hana barcin da ake ƙarawa yana cutarwa, sannan sunan kansa yaudara ne, don a cewar gwamnati babu koka a ciki, goron kuma in ma akwai ɗan kaɗan ne. Ba a kai ga yanke hukunci kan yawan goron ba. Sulhu aka yi, kamfanin ya yarda ya rage sinadarin, ya biya kuɗin shari'a, ya ci gaba da riƙe sunansa.