Shekarar da 'Yan Acaɓa Suka Kifa Ƙwarya a Ka

Yayana ya shekara goma sha ɗaya yana acaɓa a Kano, kuma da farko kayan aikinsa ba su wuce uku ba: silifas, tabarau na gwanjo, da tsumman goge kujera kafin fasinja ya hau. Haka ya tarar da sana'ar. Da yawa daga waɗanda suka fara ta bayan tsarin SAP na 1986, lokacin da albashi ya daina kai wata, ma'aikata ne da ke fitowa da Suzuki ko Yamaha bayan an tashi aiki su ɗan zaga gari. Mutumin da ya fito neman kuɗin cefane da rigar ofis a jikinsa, ina ya ga ta sayen kayan kariya? Da Jincheng ya cika kasuwa, samari suka kwararo daga ƙauyuka, sana'a ta zama ta kowa, kai kuma ya ci gaba da shan iska.

Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta ce duk wanda ya hau babur, mai tuƙi da fasinja, sai da hular kwano. Nan take kuɗin hular ya yi tashin gwauron zabi. Sai 'yan acaɓa suka nemo ƙwarya, suka shafa mata fenti, suka huda gefe biyu suka zura igiya ta ƙarƙashin haɓa. Wasu robar fenti suka kifa, wasu tukunya. Labarin har BBC ta kai shi duniya, aka yi ta yi mana dariya.

Ni ma na dara, amma na riƙe hular yayana a hannu, na san abin da ake gudu. Ta rufe kai ruf, babu ko hudar da iska za ta bi, irin wadda aka ƙera don masu sanyi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kafin azahar soson cikinta ya jiƙe sharkaf, warinsa kuwa ba a magana. To wane magidanci ne zai cire zanna-bukar ɗinsa ya kifa abin da mutum hamsin suka yi wa gumi tun safe? Wani ya ce makero yake tsoro, wani ya ce ana yin asiri a ciki. Masu dabara su shimfiɗa hankici tukuna. Mafi yawa dai a hannu suke riƙe ta, sai an hango jami'ai a ɗora, a wuce a sauke.

Rigar ƙungiya kuwa, mai ruwan lemon tsami da lamba a baya, ban taɓa jin an yi rigima a kanta irin wannan ba. Ba nauyi, hannu a yanke, yadin kamar raga, ana ɗora ta kan kowace riga. A daren da babu wuta, zanen walƙiyar da ke jikinta ne kawai direban tifa ke hangowa daga nesa. Sai dai ba ta tare kwalta. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala a waɗancan shekarun ya san haka, kuma har yau akwai tabon salansa a ƙwaurina, daga ranar da na hau da gajeren wando.

A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, aka koma Adaidaita Sahu. Maganar hula ta bi ruwa ba tare da an warware ta ba. Masu baburan kansu na nan fal a titi, kuma yanzu ana samun farar hula mai hudojin iska, wadda ake cire sosonta a wanke. Da irinta aka kawo a 2009, ina jin da ƙwarya ta zauna a wajen masu fura. Hular yayana tana nan a bayan gida, da ita matarsa ke ɗibar wa kaji dusa.