Tarihin Sawaba: Yadda Raƙumi Ya Rabu Da Giwa

Yau za mu koma baya, mu ji labarin jam'iyyar Sawaba. Ku karanta sannu sannu.

A shekara ta 1946 aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. A wannan shekara kuma aka kafa RDA a Bamako. RDA babbar jam'iyya ce ta ƙasashen Afirka da Faransa take mulka. PPN ta zama reshenta a Nijar. Alamarsu giwa ce.

To, mi ya kawo rabuwa? A 1950 shugaban RDA, Hufuwet Buwanyi na Kodibuwar, ya daina tafiya da ƴan kwaminis na Faransa. Ya ce a shirya da Turawan mulki. Diori Hamani ya yarda. Djibo Bakary, wanda tsohon malamin lakkol ne, ya ƙi. Ku lura, su biyun dangi ne, kuma garinsu ɗaya, Sudure, kusa da Yamai.

Djibo ya ware, ya kafa tasa jam'iyya, UDN, a 1954. Su wane ne suka bi shi? Talakawan birni: direbobi, leburori, mahauta, ƴan tireda, da ma'aikata na ƙungiyoyin ƙwadago. Direban da ya tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram, da kaya yake tafiya, da labarin jam'iyya kuma. Kalmar "sawaba" tamu ce ta Hausa, wato samun sauƙi bayan wahala. Ƴan NEPU na Kano ma da ita suke kirari.

Amma talakawan birni ba su isa cin zaɓe ba. Ƙuri'a tana ƙauye, ƙauye kuwa yana hannun sarakuna. Sai a 1956 UDN ta haɗe da BNA, jam'iyyar da sarakuna da yawa suke ciki. Alamarsu raƙumi. A zaɓen 1957 suka samu kujeru 41 cikin 60, Djibo ya jagoranci gwamnati.

A ganina nan ne raunin yake. Ran 28 ga Satumba 1958, Janar De Gol ya ce a zaɓa: "i", a zauna da Faransa, ko "a'a", a samu ƴanci nan take. Sawaba ta ce a'a. Faransa ta aiko sabon gwamna, Kolombani, ya matsa ƙwarai. Sarakunan nan suka janye. "I" ta samu wajen kashi 78 cikin 100. Djibo ya sauka, Diori ya hau.

A 1959 aka haramta Sawaba. Djibo ya yi gudun hijira. A 1964 mutanensa suka shigo da makamai, aka murƙushe su, aka kashe wasu, aka ɗaure da yawa. Ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, ba da jimawa ba sojoji suka tsare shi. Ya rasu a Yamai a 1998.